Dorian Leigh: Gajerar matar da ta ci kasuwar dogaye

Tun da waya mai kyamara ta yawaita a hannun matasa a nan Gadarif, wata sana'a ta fara jan hankalin 'yan matanmu, wato tallan kayan ƙawa. Mai shagon tob ko abaya yana neman wadda za ta sa kayan a ɗauke ta hoto ya ɗora a Facebook, mai turare da mai lalle ma haka. Daga nan sai buri ya girma, yarinya ta fara hangen Alƙahira ko Dubai, ta shiga neman kamfanin da zai ɗauke ta. Abin da take fara cin karo da shi kuwa ma'auni ne: manyan kamfanonin sukan nemi mace mai tsawon santimita 175 ko kusa da haka. Wadda ba ta kai ba, ko dai ta haƙura, ko ta faɗa hannun wanda zai ce ta turo kuɗin rajista ya shigar da ita ta bayan fage.

Shi ya sa yau na ɗauko muku tarihin wata Ba'amurkiya, Dorian Leigh, wadda tsawonta bai wuce santimita 165 ba, amma ana lissafa ta cikin matan farko da suka yi tashe a wannan sana'a a duniya. Shiga sana'ar ko barinta magana ce ta gida, tsakanin yarinya da iyayenta da malamanta, ban zo yanke wannan hukunci ba. Abin da ya ja ni ga tarihinta shi ne, gajarta ba ta taɓa kayar da ita ba. Duk inda ta ci riba, lissafi ne ya ba ta, kuma inda ta faɗi, nan ne ta ɗauke ido daga lissafin.

Kafin mu shiga, bari in fayyace abin da ake nufi da kamfani a nan. Duk wanda ya taɓa kai riɗi ko dawa kasuwar amfanin gona ta Gadarif ya san dillali. Ba shi ya noma ba, ba shi zai ci ba, aikinsa haɗa mai kaya da mai saye, ya karɓi la'adarsa in ciniki ya faɗa. To, kamfanin masu tallan kayan ƙawa dillali ne, ba wani abu ba. Mai sayen shi ne mujalla ko kamfanin tufafi ko na kayan shafa, abin da ake sayarwa kuma lokacin yarinyar ne da hotonta. Mutumin da ya fara buɗe irin wannan dillanci shi ne John Robert Powers, a birnin New York, a 1923.

Daga lissafi zuwa gaban kyamara

An haifi Dorian Elizabeth Leigh Parker ranar 23 ga Afrilu, 1917, a San Antonio da ke jihar Texas. Mahaifinta, George Parker, masanin haɗa sinadarai ne, kuma tana ƙarama ya kwashe iyalinsa zuwa yankin New York, daga baya suka zauna a jihar New Jersey. Su huɗu ne, duka mata, ita ce babba. Abin mamaki, ƙannenta uku duk dogaye ne zanƙal, ita kaɗai ce ta fito gajera.

Ta yi karatu a kwalejin mata ta Randolph-Macon da ke Virginia. Tana ɗaliba ta yi aure, ta haifi 'ya'ya biyu, auren kuma bai daɗe ba ya mutu. Ta dawo gida da yara biyu a hannu, ta kama aikin ofis da rana, da dare tana zuwa makaranta tana karanta lissafi da zanen injina. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya kwashe maza zuwa fagen daga, sai aka buɗe wa mata ƙofar masana'antu, ita ma ta samu aikin zana kayan aiki a masana'antar ƙera jiragen sama. Bisa labarin da ta bayar da kanta, an hana ta ƙarin girma don tana mace, sai ta ajiye aikin ta koma kamfanin fina-finai na Republic tana rubuta musu talla. A can ne wata mata ta ba ta shawara ta gwada tsayawa gaban kyamara.

A 1944 ta ɗauki hotunanta ta nufi kamfanin Harry Conover, ɗaya daga cikin manyan dillalan New York a lokacin. Ku dubi abin da ta shiga da shi: shekara 27, a sana'ar da ake neman 'yan ƙasa da ashirin, ga 'ya'ya biyu, ga gajarta. Conover bai sallame ta ba. Ya tura ta wurin Diana Vreeland, mai kula da sashen tufafi a mujallar Harper's Bazaar, ya kuma ce ta faɗa musu shekararta 19. Vreeland da mai ɗaukar hoton mujallar, Louise Dahl-Wolfe, girarta ce ta ɗauki hankalinsu, gira mai wani irin lanƙwasa, har Vreeland ta gargaɗe ta kada ta kuskura ta taɓa ta. A cikin shekarar nan ta fito a bangon mujallar. Maganar shekaru kuwa ƙarya ce tsagwaronta, kuma daga baya ta tonu. Ni dai abin da na lura da shi a nan shi ne, tun ranar farko dillalin da ya buɗe mata ƙofa shi ne ya koya mata ƙarya.

Wani zai ce, to yaya aka yi gajarta ba ta hana ta ba? Amsar tana cikin yadda sana'ar ta rabu biyu. Akwai masu tafiya a kan dandamali ana kallonsu ido da ido. Su ana ɗinka kayan gwaji ne a kan awo guda, kuma ya fi wa mai ɗinki sauƙi ya nemo jikin da ya dace da rigar a kan ya sake ɗinkin, shi ya sa ake dagewa a kan tsawo. Akwai kuma masu aikin hoto. A hoto babu wanda yake tsaye kusa da mace balle a gwada su, abin da kyamara take gani shi ne fuska, da daidaiton jiki, da yadda mutum yake iya riƙe kansa ya bi umarnin mai ɗauka. Dorian ta gane kasuwarta ke nan, ta zauna a cikinta. Ta yi aiki da Irving Penn da Richard Avedon da Cecil Beaton, manyan masu ɗaukar hoto na zamanin, ta fito a bangon Vogue sau da dama a 1946 kaɗai, kuma kafin ta bar sana'ar an ƙirga mata bangon mujallu fiye da 50.

A gida kuwa ba a yi murna ba. Iyayenta suna ganin wannan ba sana'ar 'yar mutunci ba ce, don haka ta ajiye sunan gidansu na Parker ta riƙa amfani da Dorian Leigh kawai. Kun ga ashe ba mu kaɗai ne muke da irin wannan damuwa ba, iyayen Amurka ma sun yi ta a zamaninsu.

Yana da kyau a san cewa ba kowace gajera ce dillali yake turawa inda aka tura Dorian ba. Shekara guda bayanta, a 1945, wata yarinya mai kusan tsawonta ta shiga kamfanin Blue Book a Los Angeles. Kamfanin ya ga jikinta bai dace da tallan manyan tufafi ba, sai ya karkata ta ga tallace-tallace da mujallun maza. Ita ce daga baya duniya ta sani da Marilyn Monroe, wadda ta mutu a 1962 tana da shekara 36. Dillali ne yake zaɓar rumfar da zai kai kaya, wannan kuwa ba ƙaramin iko ba ne a kan rayuwar mutum.

Da kuɗi suka ƙi fitowa

A waɗancan shekaru yarinya takan yi aiki ta jira watanni kafin kuɗinta su zo, wani lokaci ma su bi ruwa. Kamfanin Conover ya yi ƙaurin suna wajen jinkirin biya. Yawancin 'yan matan sukan yi shiru don tsoron kada a daina tura su aiki. Dorian kuwa ta yi karatun lissafi, ta san abin da ya shiga da abin da ya kamata ya fito. Sai ta tattara ta fita, ta buɗe ɗan ofishinta mai suna Fashion Bureau. Ta yi aiki da wani tsari mai sauƙi: da an gama ɗaukar hoto, wanda ya ba da aikin zai sa hannu a takarda mai nuna awa nawa aka yi da nawa za a biya, yarinya ta kawo takardar ofis a ba ta kuɗinta a kan lokaci, ofis kuma ya bi bashinsa daga baya. Wannan tsari shi ne ya zama ginshiƙin sana'ar, kuma kamfanin Ford, wanda Eileen Ford da mijinta Jerry suka kafa a 1946, da shi ya janye 'yan mata daga tsofaffin dillalai. Shi kuwa Conover, a 1959 kamfaninsa ya rushe, ana binsa kuɗin waɗanda suka yi masa aiki.

Dorian ta rufe ofishinta lokacin da ta sake aure a 1948. Da ta tashi neman sabon dillali, ba ta je da ƙoƙon bara ba, ta san darajar kayanta. Ta aika wa su Ford cewa za ta shigo, amma da sharaɗi: sai sun ɗauki autarsu Suzy, mai shekara 15, ba tare da sun gan ta ba. Don kwaɗayin samun Dorian suka amince, suna zaton za su ga wata 'yar siririya mai baƙin gashi irin yayarta. Ranar haɗuwa sai ga zanƙaleliyar yarinya mai jan gashi, tsawonta ya kai santimita 178, ta fi abin da ake yayi a lokacin. Hankalinsu ya tashi, suna ganin an sayar musu da kaya a buhu. Wannan yarinya ita ce Suzy Parker, wadda ta zo ta fi yayarta suna, ta zama fuskar kamfanin Chanel, har ta shiga fina-finai. Abin dariya, a gida guda an ce wa ɗaya ta yi gajarta, an ce wa ɗaya ta yi tsawo, kuma dukansu suka kai ƙololuwa. Ma'aunin dillali yayi ne, yana canzawa da zamani.

Aikin da aka fi tuna Dorian da shi ya zo a 1952, tana da shekara 35. Kamfanin Revlon ya fito da jan-baki da jan farce mai suna Fire and Ice, Avedon ya ɗauke ta cikin riga mai ƙyalli ruwan azurfa da jan mayafi a kafaɗa. Har yau ana kawo wannan talla a matsayin misali a tarihin tallace-tallace na Amurka. Ku lura kuma, tallan kayan shafa ne, inda fuska da hannu suke aiki, babu ruwan kowa da tsawo.

Paris: daga kaya zuwa dillaliya

Rayuwarta ta gida ba ta tafi daidai da ta aiki ba, kuma ba zan rufe wannan ba. Aurenta na biyu ya mutu. Ta shiga soyayya da wani basaraken Sifaniya mai tseren mota, Alfonso de Portago, alhali yana da matarsa, ta haifa masa ɗa mai suna Kim a 1955. A watan Mayun 1957 motarsa ta ƙwace a tseren Mille Miglia a Italiya, ya mutu shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara. Dorian ta tsinci kanta a Faransa tana da shekara 40, ga ƙaramin yaro, ga kyamara ta fara juyawa wajen ƙananan yara.

Nan ma lissafin ne ya cece ta. Ta duba ta ga Paris cike take da manyan gidajen ɗinki da mujallu, amma babu tsayayyen dillali. Dalili kuwa, dokar Faransa a lokacin ta hana mutum ya buɗe ofishin sama wa mutane aiki yana karɓar kuɗi. A ƙarshen shekarun 1950 ta buɗe nata, hukuma ta taso mata, ta yi ta fama har ta samu ya tsaya a kan doka. Ana ɗaukarsa a matsayin na farko irinsa a Paris. Ta ƙulla yarjejeniya da su Ford, suna turo mata 'yan mata daga Amurka, ita ma tana tura musu na Turai. Matar da aka yi wa kallon gajera a 1944, ga shi yanzu ita ce take zaune bayan tebur tana zaɓe.

Kamfanin ya yi shekaru yana ci. Abin da ya kayar da shi daga cikin gida ya fito. Aka gano almundahanar kuɗi da aka jingina wa ɗaya daga cikin mazan da ta aura, dole ta rufe, dukiyar ta tafi. Wannan wuri ne ya fi taɓa ni a tarihinta. Macen da ta bar Conover saboda jinkirin biya, wadda ba ta yarda da kowane dillali sai da takarda, ita ce ta saki littafin kuɗinta ga wanda take ganin nata ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Ba ta zauna kuka ba. Ta koyi girki a makarantar Cordon Bleu, ta buɗe gidan abinci mai suna Chez Dorian a wajen Paris, daga baya ta koma Amurka tana dafa abincin biki da taro, har ta rubuta littattafan girki. A 1977 babban rashi ya same ta: ɗanta Kim, wanda shan ƙwaya ya kama, ya kashe kansa yana da shekara 21. A 1980 ta wallafa tarihin rayuwarta mai suna The Girl Who Had Everything, wato yarinyar da ta samu komai. Ta kuma duƙufa ga addininta na Kirista. Ta mutu ranar 7 ga Yuli, 2008, a Falls Church da ke Virginia, tana da shekara 91, bayan fama da cutar mantuwa. Autarsu Suzy ta riga ta tun 2003.

Abin da ya shafe mu

Ƙofar da Dorian ta bi ba ta rufe ba. Kate Moss ta Ingila, mai tsawon kusan santimita 170, a filin jirgin sama na New York Sarah Doukas ta kamfanin Storm ta gan ta a 1988. Wadda ta fi kusa da mu ita ce Halima Aden, Basomaliya Musulma da aka haifa a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya a 1997, tsawonta kusan ɗaya da na Dorian. Kamfanin IMG ya ɗauke ta a 2017, ta kuma sa aka rubuta a yarjejeniya cewa ba za ta cire hijabinta ba. Duk da haka, a watan Nuwamban 2020 ta sanar da janyewarta, ta ce sannu a hankali aikin ya riƙa cin hijabin nata har ta daina gane kanta. In mai takarda a hannu ta ga haka, ina ga wadda ta tafi a kan alkawarin baki? A 2023 kuma jaridar Sunday Times ta Ingila ta wallafa bincike kan yadda ake ɗibar 'yan matan Sudan ta Kudu daga wannan sansani na Kakuma zuwa Turai, in ba su samu aiki ba a mayar da su, ana cewa kamfani yana binsu bashin jirgi da masauki. Waɗannan kuwa dogaye ne, sun cika ma'auni, tsawon bai kare su ba.

Don haka, 'yar'uwa, in har gida sun amince miki, kada gajarta ta sa ki raina kanki har ki karɓi kowane irin tayi. Tallan abaya da tob da turare da lalle da kayan shafa duk aikin hoto ne, ba ya neman santimita 175. Tambayoyin da za ki yi su ne irin waɗanda babanki yake yi wa dillali a kasuwar riɗi. Nawa ce la'adarsa? A manyan kasuwannin duniya yanzu takan kai kashi 20 cikin 100, kuma daga kuɗin aikin da aka yi ake cire ta. Dillalin gaskiya ba ya cin komai sai ciniki ya faɗa, saboda haka duk wanda ya ce ki fara turo kuɗin rajista, ke ce kasuwarsa. Yaushe za a biya, kuma wa zai sa hannu a kan awannin da kika yi? Kuɗin tafiya da masauki kyauta ne ko bashi? Wane irin kaya za ki sa, a ina za a ɗora hoton, har tsawon wane lokaci? Duk a rubuta, a ba wani babba a gida ya karanta, kuma kada a je ganawa sai da ɗan'uwa. Wanda ya ce ki rage shekarunki ko ki ɓoye wa iyayenki, ya riga ya nuna miki halinsa.

Ku kuma iyaye, in yarinya ta fara samu, a buɗe mata littafi, a bar shi a inda idonta yake gani, ko da wanda yake riƙe da shi na gida ne. Kuma kada a cire ta daga makaranta. Sana'ar kyamara ta ɗauki Dorian Leigh shekara goma sha wani abu ne kawai cikin 91 da ta yi a duniya. Sauran shekarun, da lissafin da ta koya a makarantar dare da girkin da ta koya daga baya ta ci abinci.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya ba su sana'a mai albarka. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.